Fim ɗin da Riskuwa Ya Ce Ba Za a Nuna Ba

A unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi aka haifi Riskuwa, a gidan da tun kaka da kakanni ba a san su da komai ba sai karatu da noman shinkafa a fadama. Mahaifinsa ya so ya gaje shi a zaure, ya zauna bisa buzu yana biya wa magidanta littattafai, yaron kuwa kansa yana ja ƙwarai. Bakinsa ne ya ƙi. I'ina gare shi, irin wadda in yana hira da mutum ɗaya sai ta lafa, amma da zarar idanu sun yi masa yawa sai harshe ya sarƙe, jijiyar wuya ta miƙe, kalma ta tsaya a maƙogwaro ta ƙi fita ta ƙi komawa. Da uban ya ga ba a yin malamin zaure da irin wannan baki, sai ya sallama shi ga boko. I'inar dai ta yi masa rana ta wani gefen, domin tun yana ƙarami ya iya zama ya yi shiru ya saurara, tsofaffi kuwa ba wanda suke so kamar mutumin da ba ya katse su.

Ya yi sakandare, ya wuce jami'a a Zariya, ya karanta tarihi da nazarin al'adun al'umma. Ya dawo gida ba da daɗewa ba bayan an ƙirƙiro Jihar Sakkwato, aka ba shi koyarwa a wata kwalejin horar da malamai. Ɗalibai suka sa masa suna Malam Alli, don kafin ya faɗi jimla ɗaya ya cika allo da rubutu, ya fito aji fari fat har gira. Yana koyar da tarihin Kabi yana jin haushin abin da yake koyarwa. Littattafan duk sarakuna ne da yaƙe-yaƙe, wane ya ci wane, wane ya gina ganuwa. Wanda ya ƙera takobin, da wanda ya sassaƙa jirgin da aka haye gulbi, da matar da ta surfa shinkafar da mayaƙan suka ci, babu ko sunansu. Su yake so ya rubuta, sai dai da ya gwada ya ga alƙalami ba ya iya faɗin yadda hannun maƙeri yake juya ƙarfe.

Ana haka wani Ba'indiye malamin lissafi da zamansa ya ƙare ya fitar da kayansa sayarwa. Sauran malamai suka yi rububin firiji da fanka, Riskuwa ya ɗauki wata ƙaramar kyamarar fim da majiginta. Kyamarar tana ɗaukar hoto mai motsi sarai, amma bebiya ce, ba ta ɗaukar murya ko kaɗan. Fim ɗin kuma ba a wanke shi a ƙasar nan, sai ya naɗe shi ya kai gidan waya a aika Ingila, ya yi ta jira wata da watanni kafin ya san abin da ya ɗauka. Albashinsa can yake tafiya. Matarsa Sauda takan ce, "Malam, mazan mutane na sayen babur, kai kana sayen duhu cikin gwangwani." Ya yi murmushi ya ci gaba da goge gilashin kyamararsa da gefen hula.

Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda yake biyansa. An taɓa kiransa wani ofis aka ce ya riƙa bin manya yana ɗaukarsu suna yanke ƙyalle a bakin rijiyar burtsatse, ya yi godiya ya fito bai koma ba. Ranakun hutu sai ya rataya jakarsa ya bi ƙauyukan fadama. Ya ɗauki maƙera, ya ɗauki marina, ya ɗauki masu yankan shinkafa cikin ruwa iya gwiwa, ya ɗauki masassaƙa jirgi daga gungume har ya hau gulbi. Yana da doka ɗaya da ya kafa wa kansa: duk wanda ya ɗauka, shi ne zai fara ganin kansa, a ƙofar gidansa, kafin wani bare ya gani.

To amma hoto bebe a hannun mai i'ina, wa zai yi wa jama'a bayani? Nan Kalilu ya shigo. Kalilu abokinsa ne tun na zauren karatu, kuma tun lokacin shi ne bakinsa. In an aiki Riskuwa kasuwa Kalilu ke yin ciniki. Ko da aka zo neman Sauda, Riskuwa zama ya yi yana kallon ƙafarsa, Kalilu ya yi zancen, har ƙawayenta suna tsokanarta wai ta tabbatar ta san wanne ne angon. Kalilu ya yi shekaru yana aikin mai bayanin majigi, yana bin motar gwamnati ƙauye ƙauye, ana nuna fim ɗin rigakafi ko na noman auduga, shi yana riƙe da lasifika yana sa wa hotuna magana. Gwani ne na gaske, in ya so sai ya sa taro ya yi dariya a kan allurar shanu. Da talabijin ta zo majigi ya mutu, aka bar Kalilu da murya ba wurin sa ta, yana zaman teburin mai shayi a Gwadangaji yana ba 'yan tireda labari kyauta.

Sai suka haɗa hannu. Kafin kowane nuni sukan rufe ɗaki su biyu, Riskuwa ya faɗa masa sunan kowa da sunan kowane kayan aiki da abin da ake yi da dalilinsa, Kalilu ya haddace. Da magariba ta wuce a kafa yadin alawayyo a jikin bango, a tayar da janareta, Kalilu ya ɗauki lasifika ya sa gishiri. Maƙeri ya ga kansa a bango ana kiran sunansa da na ubansa, ya rufe baki da hannu, matansa na guɗa daga bayan zana. A irin wannan lokaci Riskuwa yakan tsaya can baya cikin duhu, ƙirjinsa cike, yana jin kamar shi ne yake maganar. Bai taɓa raba muryar Kalilu da tasa ba. Majigin ma a ɗakin Kalilu yake kwana, domin shi ne ya iya zura fim ba tare da ya tsinke ba, da wata damina ta ɓula rufin ɗakin Riskuwa kuwa sai gwangwanayen fim ɗin su ma suka koma can.

Aikin da ya fi ci masa rai shi ne na Tamba. Tamba tsohon Basarke ne, wato masunci na gado, a wani ƙauye kusa da Argungu, gidansu ke riƙe da wani tafki da ruwan damina ke bari cike da kifi in ya janye daga fadama. Ana hana su a tafkin har sai rani ya yi, sannan a sa ranar buɗe shi. A gidan su Tamba kuwa ba a buɗe shi haka kawai. Kafin kowa ya sa ƙafa, babban gidan yakan shiga shi kaɗai da ƙwaryar gumba, ya zuba wa ruwan, ya ambaci iyaye da kakanni da suka riƙe tafkin kafin shi, ya nemi kadojin ciki su matsa gefe su ba mutane wuri. Riskuwa ya ji labarin a bakin wani ɗalibinsa, ɗalibin ya kai shi. Shekarar farko da ta biyu ko zuge jakarsa bai yi ba. Zama yake yi gefen tsohon yana taya shi ɗinkin homa, ragar kamun kifi, ɗinkin da sai an warware an sake, suna cin tuwon shinkafa da miyar kifi a akushi ɗaya. Tamba ya sa masa suna ɗan malam, ya riƙa ba shi labarin da ko 'ya'yansa bai ba su ba.

Zamanin ya sauya, shi ya sa tsohon yake ɗari-ɗari. Kaset ɗin wa'azi ya shiga kowane lungu, samari suna kiran irin wannan abu shirka ba tare da sun rage murya ba. Ɗan Tamba na fari, Abdussamadu, ya yi karatu a Birnin Kebbi ya dawo, har an ba shi limancin wani masallacin unguwa a cikin Argungu, uban kuwa ba abin da yake alfahari da shi kamar wannan. Ɗan ya san abin da uban yake yi, uban ya san ya sani, kowa ya kama bakinsa. Don haka Tamba ya mayar da shigarsa ruwa can da sassafe kafin masunta su taru, su kuma dattawan masuntan suka riƙa yin kamar sun makara.

A shekara ta uku, ana gobe buɗe tafki, tsohon ya dubi jakar ya ce, "Ɗan malam, na san abin da ka kawo ka. Ni Musulmi na, ba ni bauta ma ruwa. Gaisuwa ta, awa yadda kaka shiga gidan mutane ka yi sallama. In na mutu babu mai yi, yaran ga kunya tai suka ji."

Riskuwa ya ce, "Shi ya sa nika so in ɗauka, Baba. Don na baya su gani."

Tamba ya ci gaba da murza zaren homa a cinyarsa. Can ya ce, "Na baya kac ce. To, na baya. Ka ɗauka, amma kar ido shi gani sai ƙasa ta ruhe nawa. Ina da ɗa liman, ba ni son a nuna shi da yatsa sabili da ni."

"Na ɗauki alkawari, Baba."

"Ba ni ce ka rantse ba. Ai mun ci tuwo tare."

Washegari gari yana fara haske ya ɗauka. Tsohon ya tuɓe riga, ya shiga a hankali har ruwa ya kai masa ƙugu, ƙwarya bisa tafin hannu. Ya tsaya leɓɓansa na motsi, ya karkata ƙwaryar, farin gumba ya bazu a kan ruwa. Sannan ya shafa fuskar ruwan da bayan hannu, yadda ake lallashin jariri. Can gefen ciyawa wani abu ya motsa ya nutse. Riskuwa yana kallo ta cikin gilashi, tsigar jikinsa na tashi, ya san bai taɓa ɗaukar abin da ya kai wannan ba, da wuya kuma ya sake.

Da fim ɗin ya dawo daga wanki suka rufe ɗaki shi da Kalilu kamar kullum, tunda ba mai zura shi sai Kalilu. Suka kalla har ƙarshe. Riskuwa ya faɗa masa alkawarin, ya maimaita, ya ɗaura jan zare a gwangwanin don kada a yi kuskure. Kalilu har ya ji haushi. Ya ce, "Haba Risku! Ni za ka koya ma amana? Da ni mai tona asiri na, da Sauda ta san wa yar rubuta maka waƙar da kab ba ta." Suka yi dariya, aka tura gwangwanin ƙarƙashin gado.

Wajen tsakiyar shekarun tamanin wani ɗan kwangila, Alhaji Maigandi, ya fara gina gidan sinima a Birnin Kebbi, aka ce yana neman manaja. Da bikin kamun kifi na Argungu ya matso, Alhajin ya gayyato baƙi daga Sakkwato da Kaduna, ya aika a kira Kalilu ya nishaɗantar da su da yamma a masaukinsu. Kalilu ya zo da murna ya nemi izinin nuna na maƙera da na sassaƙar jirgi. Riskuwa ya yarda da zuciya ɗaya, har ya ji daɗi abokinsa zai samu inda za a ji muryarsa. Shi an tura shi Sakkwato duba takardun jarrabawa, bai sa ran halarta ba. Sai aikin ya ƙare da wuri, ya hau motar Argungu, ya sauka ana idar da magariba, ya nufi masaukin yana sauri kamar yaro, yana so ya ga yadda manya za su karɓi aikinsa.

Ya tarar filin ƙofar gidan ya cika. Baƙi a kujeru a gaba, mutanen gari a tsaye a baya har kan katanga, shi kuma ya maƙale can ƙarshe. Ana nuna sassaƙar jirgi. Kalilu yana iya ƙoƙarinsa, amma baƙin nan sun yini a rana a bakin gulbin Matan Fada, inda ake kamun kifin, sun ci sun ƙoshi, ba su zo kallon wani yana saran itace ba. Wani ya yi hamma, wasu suka fara hirarsu, biyu suka tashi suna gyara babbar riga. Alhaji Maigandi ya waiwaya ya dubi Kalilu sau ɗaya. Fim ya ƙare, hasken majigi ya zuba a kan yadi fari, a cikin hasken nan Riskuwa ya hango abokinsa ya sunkuya cikin jaka ya ɗauko gwangwani yana warware jan zare.

Da fari bai yarda da idonsa ba. Ya ce kuskure ne, yanzu zai lura ya mayar. Sai ga tafkin a bango, ga Tamba tsirara daga ƙugu zuwa sama yana shiga ruwa, lasifika kuma ta buɗe da muryar nan da ya sani fiye da tasa.

"To jama'a, ku gyara zama, ga ango ya hito da sassahe! Ku dibi tahiya, ku dibi ƙwabri! Amarya na cikin ruwa tana jira, kada ta, mai baki awa zaure. Ya kawo mata gumba don kar ta yi yaji!"

Wuri ya ɗauka. Waɗanda suka tashi suka dawo suka zauna. Da tsohon ya karkata ƙwarya, Kalilu ya sirantar da murya kamar kadar ce ke magana, "Tsoho, bana sukari bai ji ba!" Alhaji Maigandi yana dariya har yana dukan hannun kujera.

Riskuwa ya buɗe baki zai yi ihu ya ce a tsaya. Sunan Kalilu kawai yake so ya kira, sunan da ya fi kowane suna sauƙi a bakinsa, sai ya tsaya a harafin farko ya ƙi wucewa. Na kusa da shi suka waiwayo suna kallon wani mutum mai jaka yana ta kakari wuya a miƙe, suka ɗauka shi ma dariyar ce ta shaƙe shi. Ya shiga ture mutane yana kutsawa. Bai kai rabi ba wani daga kan katanga ya ɗaga murya, "Kai! Ai Tamba na! Uban Malam Abdussamadu na masallacinmu!" Dariyar baya ta mutu nan take, ta gaba ta ɗan ci gaba don su ba su san kowa ba. Aka fara jin salati da a'uzubillahi nan da can. Kafin ya isa ya fizge wayar majigin daga janareta, tsohon ya riga ya shafa ruwan da bayan hannu, kowa ya gani.

A bayan janareta suka tsaya su biyu. Yanzu da ba idanu bakin ya saki, amma abin da ya fito kaɗan ne. "Kalilu, na hwaɗa maka. Sau biyu na hwaɗa maka."

Kalilu yana share zufa da hula, idonsa yana can wajen kujeru. Ya ce, "Mutane na tashi, Risku, ba ka gani ba? Mi kaka so in yi, in tsaya ina kallon Alhaji shi tashi shi ma? Shekara nawa ina ba hotunanka baki, wa yas san ni? Kai kana da albashi. Kuma mi anka yi? Wasa na. Gobe ana shiga ruwa kowa ya mance."

"Tsohon ga amana yab ba ni."

"To, sai mu tai mu ba shi haƙuri, ni za ni yi maganar. Bari in sallami Alhaji."

Ya juya ya tafi, har da ɗan gudunsa. Abin da ya fi ƙona Riskuwa ke nan. Da Kalilu ya yi don ƙiyayya, ko don yana ganin abin saɓo ne, da ya san inda zai ajiye shi a zuciyarsa. A'a, don kada baƙi su yi hamma ne. Mutumin da ya yarda da shi fiye da harshen bakinsa ya ɗauki shekarun da ya yi yana ɗinkin homa a gefen tsoho ya sayi dariyar 'yan mintoci da su, bai ma san ya yi ciniki ba. Riskuwa ya tattara gwangwanayensa ya zuba a jaka, ya ji baƙin cikin da bai ji irinsa ba ko ranar da ya binne mahaifinsa.

Ba a mance ba. Kafin a watse daga bikin labari ya gama Argungu, an ƙara masa kai da ƙafa, har da masu rantsuwa sun ga tsohon ya yi wa kada sujada. Wasu suka daina bin Abdussamadu salla. Dattawan masallacin suka zauna suka ce in yana son limancinsa, sai ubansa ya zo ya faɗa da bakinsa cewa ya bari. Tamba ya zo. Bayan la'asar ya miƙe a gaban sahu, a gaban yaran da aka haifa yana da furfura, ya ce ya tuba, ba zai ƙara ba. Ɗalibin nan da ya fara kai Riskuwa ƙauyen shi ya kawo masa labarin har gida, ya faɗa a tsaye a ƙofar zaure, ya ƙi shiga.

Labarin ya bi gulbi sama da ƙasa. Riskuwa ya je ɗaukar wasu mata masu ginin tukwane da suka daɗe da yarda, aka karɓe shi da fara'a aka kawo ruwa, yana ɗaga kyamara hannuwa suka tsaya cik a kan yumɓu. Suka ce yau ba su jin daɗin jiki. Maƙeran da suka yi guɗa a da suka aiko a tambaye shi a hannun wa nasu fim ɗin yake. Haka abin ya bi shi har ƙarshen aikinsa, har bayan da ya sayi kyamarar bidiyo mai ɗaukar murya wadda ba ta bukatar mai bayani. Ya ci gaba da ɗauka, amma abin da mutane suka yarda a gani kawai ake nuna masa, kokawa da kasuwa da rawa. Ba wanda ya sake kiransa da sassafe.

Bai je wurin Tamba nan da nan ba, yana jiran Kalilu. Ba yafe masa ya yi ba, sai dai ya san in ya tsaya gaban tsohon bakinsa ba zai ɗauki bayanin ba, kuma a ganinsa wanda ya yi ɓarnar shi ya kamata ya faɗa. Kalilu ya yi ta ce masa gobe, jibi, bari a gama fentin sinima. Da ƙyar aka sa rana. Riskuwa ya zauna a tasha tun hantsi, mota ta cika ta tashi, wata ta cika ta tashi. Can wani direba da ya san su ya ce masa ai ya ga Kalilu tun da safe a gaban motar Alhaji Maigandi, sun nufi Sakkwato duba majigin sinima, an ce shi ne manaja. Sauda ta riga ta faɗa masa haka za a yi, shi ne bai ji ba. Ya shiga mota ta gaba shi kaɗai.

Ya tarar da Tamba a gindin bishiyar ƙofar gidansa, zaune hannu sake, ba ya aikin komai. Ya rame. Riskuwa ya tuɓe takalmi ya durƙusa, suka gaisa doguwar gaisuwa, gida da iyali da zafi, tsohon bai rage ko ɗaya ba. Riskuwa ya fara, yana tuntuɓe yana tashi, ya ce ba shi ya nuna ba, yana Sakkwato, abokinsa ne Kalilu, ya gargaɗe shi, har jan zare ya ɗaura.

Tamba ya bar shi ya kai aya, sannan ya ce, "Wane na Kalilu? Ba ni san shi ba. Kai nis sani."

Riskuwa ya sunkuyar da kai.

"Ba ni kira ka ba, amma tunda ka zaka, abu guda nika son ji. Tuba na riga na tuba, wanga ya wuce, ɗana na nan da limancinai. Waɗanda sunka gani sun ce dariya anka yi, manya da yara. Ni ba ni taɓa ganin kaina ina yi ba, ubana nig gani, ban kuwa yi dariya ba. Kai da kag gani da idonka, hwaɗa mini gaskiya. Abin dariya na?"

"A'a, Baba. Wallahi a'a. Ban taɓa ganin abin da yah hi shi kyau ba."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali, kamar an sauke masa wani abu. Sai kuma ya ɗago ya dube shi. "An ce mini kana wurin."

"Ina wurin."

"To, mi yah hana ka hwaɗa musu hakanan?"

Riskuwa ya buɗe baki. Ba taro, ba idanu, daga shi sai tsoho ɗaya a gindin bishiya, amma ba abin da ya fito. Tamba ya jira shi, ya jira har aka kira azahar a masallacin ƙauyen. Sannan ya dafa ƙasa ya miƙe, ya ɗauki butarsa ya shige gida, bai ce masa ya jira abinci ba.